Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar, madatsa ba ta sakar wa gari ruwa sai na'urarsa ta amsa kira kafin azahar. Ta Unguwar Tsamiya ta ƙone, yau kwana huɗu famfo a bushe.

Tasalla ta ɗora sabuwar, 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, kan kifaffen turmi tana saka mata manhajar amsa kiran. Saura mataki ɗaya allon ya cije: dole sai mahaifiyar tsohon mai kula da na'urar ta ambaci sunansa da bakinta. Mijin Tasalla ne, ya rasu watan jiya, kuma ɗan fari ne.

"Inna, don girman Allah ki faɗa. Awaki sun fara mutuwa," in ji Tasalla.

"Shekara hamsin ban kama sunan yaron nan ba," in ji surukarta, Inna Delu.

"Na'ura ba ta san kunya ba, Inna!"

Ladan ya yi gyaran murya a masallaci, zai kira azahar. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuya, ta ce "Sallau" a hankali, kamar mai tashinsa daga barci.

Allon ya rubuta: "Ba a ji ba. A maimaita."