Sabulu Mai Zabuwa

"Na tuna shi mana, ɗan nan," in ji wata tsohuwa cikin waɗanda ake wa tambayoyi. "Mai Zabuwa! Har waƙa gare shi."

Mai binciken ya dafe kai. Makon jiya ya tara mutanen nan ya nuna musu tallace-tallace, yau yana gwada abin da suka riƙe. Wannan sabulun kuwa babu shi a duniya, shi ya ƙirƙiro sunan don kama masu amsawa da ka. Sai ga kowa yana rantsuwa ya gani. Me zai gaya wa shugabarsa gobe?

Ya fita, kansa a ɗaure, ya tsaya a shagon bakin titi.

"Malam, akwai Mai Zabuwa?"

Mai shagon ya leƙa kantar kayansa. "Kash! Yanzun nan ya ƙare."