Makullin Ƙofar Ruwa

Ka tambaye ni kalmar nan ta Turanci da ake yawan ji a rediyo, rebolushan, wadda mu muke ce wa juyin juya hali. To, gyara zama. Akwai wani manomin tumatir a fadamar da ke ƙasan wata madatsa, ya yi shekara biyu a birni, ya dawo da kalmar a baki kamar goro. In ya zauna a inuwar mangwaro, cewa yake shi kaɗai ya tumɓuke shugabannin tasha uku da ita, na ukun ma tarinsa kawai ya ji ya bar hula ya gudu. Wani malamin makaranta ya taɓa gaya mini kalmar daga harshen Latin ta faro, inda take nufin mirginowa baya, kuma Turawa sun daɗe suna faɗinta ga tauraron da ke zagaya sama ya komo inda ya tashi, kafin su ara wa masu kifar da sarakuna. Mutumin namu bai san wannan ba. Shi dai amonta yake so.

A fadamar nan ƙofar ruwa ɗaya ce, makullinta na wuyan wani tsoho. Ƙa'ida kuwa ita ce gonakin da ke can ƙarshen kwata su fara sha, na bakin ƙofa su biyo baya, don in na gaba suka riga buɗewa, abin da zai isa ƙarshe bai fi jiƙa tafin hannu ba. Shekarar nan ruwa ya ja baya, rana ta buɗe, tumatir ya soma fure, kowa kuma ya san in ƙishi ya yi masa yawa furen zubewa yake. Sai mutumin ya bi jama'a ɗaya bayan ɗaya yana raɗa musu cewa tsohon nan gonakin surukansa yake shayarwa a ɓoye. Aka taru aka karɓe makullin aka rataya masa. Ya dafa ƙirji ya ce gonarsa da ke bakin ƙofa ita za ta sha ƙarshe, ko da ƙonewa za ta yi.

Kwana uku ya riƙe alkawari. A na huɗu ya ga fure biyar a ƙasa, ya ji makullin na bugun ƙirjinsa. Ranar Juma'a, da kowa ya tafi masallaci, ya buɗe ya shayar da gonarsa har ta ƙoshi, ya toshe, ya ɗebo busasshiyar ƙasa ya watsa a kai, sannan ya ruga ya sami sahun baya. Ranar kasuwa ma haka. Can ƙarshen kwata kuwa fure na ta zuba.

Ran nan da hantsi sai ga masu gonakin ƙarshe, fartanya a kafaɗa, sun nufo gonarsa. Mutumin ya tarye su. Ya ce laifin madatsa ne, ya ce rebolushan sai da haƙuri, ya rantse gonarsa ba ta ga ɗigo ba tun da ya karɓi makulli. Tsohon ne ya iso ƙarshe yana dogara sanda. Bai kalli kowa ba sai furen da ya yi ruwan ɗorawa daga kunya zuwa kunya a gonar mutumin.

Ya ce, "Ɗana, wace addu'a kake yi wa tumatirin nan?"

"Irin birni ne, baba. Yana jure ƙishi."

Tsohon ya kafa sandarsa a gindin shuka, ya danna, ta nutse. Ya zaro ta, taɓo na ɗiga. Ya ce, "Ashe har ƙasar ma ta birni ce."

Makullin ya gama zagayensa ya koma wuyan da ya baro, kamar tauraron Turawa. Ba wanda ya taɓa mutumin. Alkawarinsa kawai aka cika masa, gonarsa ta koma shan ƙarshe, kafin mako furen nan duk ya kwanta a ƙasa. Dama Hausawa sun ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.