Kukan Jar Mota

Motoci biyu Abbagana ya jera wa Laminu a garejinsa na Lokuwa, kamfaninsu ɗaya, shekararsu ɗaya. Farar tana nan yadda aka ƙero ta, ko ƙusa ba a sauya mata ba. Jar kuwa ta sha hannun makanikai: an taɓa injin, an sauke ta ƙasa-ƙasa, an sa mata baƙin gilashi da salansa, wato bututun hayaƙi, mai faɗin bakin turmi. Ƙamshin sabon fenti ma bai gama barin ta ba.

Laminu bai daɗe da dawowa daga Maiduguri ba. Aikin malamin gona ya samu, kullum sai ya je ya dawo, don haka motar zirga-zirga yake nema. Matarsa Rumasa'u ta leƙa cikin farar, ta shafa kujera ta ce, "Baban Hanan, ka ɗauki wannan. Aiki za ka, ba tsere ba."

"Ina aka tura ka ma?" in ji Abbagana.

"Bahuli."

Abbagana ya shafa bandejin da ke wuyan hannunsa na dama, inda ya ce ƙofar gareji ta datse shi. Can ya yi murmushi. "Abokina, ka bi maganar madam. Jan nan ba na malaman gona ba ne, sai mai zuciya."

Duk wanda ya san Laminu ya san an gama ciniki ke nan. Tun suna yara, in kana so ya hau bishiya, ka ce masa ba zai iya ba. Abbagana kuwa tare suka taso.

Da hagu ya cillo masa makulli, shi bai ko matso kusa da motar ba. Laminu ya tayar, ya taka totur. Ta yi ruri har kwanon rufi ya amsa, da ya ɗaga ƙafa kuma ta saki ƙara biyu, tas-tas, kamar harbin bindiga. Rumasa'u ta toshe kunne, shi kuwa baki har kunne. Haka namiji yake, a ba shi abin da zai firgita unguwa ya ɗauka daraja ce.

Washegari da safe ya kama hanyar Bahuli. Tun kafin ya bar gari motar ta fara nuna masa halinta. Kowane rami sai cikinta ya daki ƙasa, kowane tudu sai ya bi shi a karkace. Ya tuna da farar, ya yi tsaki. Da ya samu shimfiɗaɗɗen wuri sai ya huce haushinsa a kan totur, rurin ya riga shi shiga gari.

Abin da Laminu bai sani ba shi ne, mutanen Bahuli sun san wannan kukan. A watan da ya wuce wata baƙar mota ta kwashe wani manomi, Kwaji, yana kan kekensa, ta ja shi a ƙasa, ba ta tsaya ba. Babu wanda ya ga fuskar direban saboda gilashin. Amma kowa ya ji ruri, ya ji tas-tas. Da wannan ƙarar a kunne suka binne Kwaji.

Ya rage gudu a bakin kasuwa, motar ta saki harbinta biyu.

Margret, matar marigayin, ta yar da tiren gyaɗar da ke kanta. "Shi ne motan! Sun canza kala, amma kukan shi ne wannan!"

Kafin Laminu ya gane da shi ake, an jefa kututture a gabansa. Dutse ya tarwatsa gilashin gaba. Aka fizge ƙofa, aka jawo shi ta wuyan riga. Ƙotar fartanya ta sauka a kafaɗarsa, ya ji ƙashi ya ɓalle. Ya faɗi, ƙafafu suka rufe shi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga shi bai ma san laifinsa ba.

Ana cikin haka wani keke napep ya tsaya. Wani mutum ya sauko, ya naɗe fuskarsa da rawani, jarka a hannunsa na hagu. "Kar ku saurare shi!" ya yi ta ihu. "Na gan shi ranar, shi ne!"

Margret ce ma ta shiga tsakani, tana kuka tana ture maza. "Ku bari ya yi magana! Ina so ya faɗa mini me ya sa bai tsaya ba."

Laminu ya ɗago, jini na bin haɓarsa. "Mama, wallahi jiya na saye ta. Ku kira wanda ya sayar mini, sunansa Abba..."

Takalmin mai rawani ya same shi a baki, sauran sunan ya koma ciki tare da haƙoransa. Sai sanyin fetur ya bi masa wuya da ƙirji. Mutane suka ja da baya. Ko masu dukan ba su yi nufin abin ya kai nan ba, amma babu wanda ya hana shi.

Mai rawani ya ciro ashana. Da hagu ya fara gwadawa, ta ƙi kamawa. Ya ja tsaki, ya naɗe hannun rigarsa ta dama don ya ƙyasta da kyau.

Da ido ɗaya da ya rage masa Laminu ya ga bandejin, ya san Abbagana ne a cikin rawanin, sai a lokacin ya gane ba ƙofar gareji ce ta ji wa Abbagana ciwo ba, sitiyarin motar nan ne, ranar da ta take Kwaji.