Goɗiyar Balsall Heath

Zinatu ta yi atishawa, ta share hanci da bayan hannu, ta ci gaba da taje gashin Molly, goɗiyar da take koyon hawa. Ubanta, Dokta Ja'afaru, yana jingine da shinge, sanyi na cinsa, haushi na cinsa.

Tun daga Whalley Range a Manchester yake shigo jirgin ƙasa kowace Asabar don ya ga 'yarsa ɗaya tilo. Da suka rabu da uwarta Turai, sau ɗaya a wata aka yanka masa. Daga baya Zinatu ta tubure sai an sa ta koyon hawan doki a wata 'yar barga ta unguwa a Balsall Heath, cikin Birmingham inda suke zaune. Turai tana aiki a asibiti ranar Asabar, dole ta kira shi ya riƙa kai ta.

To, ya zo ganin 'ya, sai ya ƙare da kallon ƙeyarta. Molly kaza, Molly kaza. Ita ake runguma, ita ake kawo wa karas. Yarinyar kan waiwayo ta ga ko yana nan, sai ta koma wa dabbarta. In za su tafi idanunta sun yi jajur, suna ta ruwa. Kukan rabuwa da doki! Shi da ya haife ta bai taɓa samun ɗigon hawaye a tashar jirgi ba. Kishi yake, kishi na gaske, da dabba mai ƙafa huɗu.

"Baba, next week za ka zo, ko?" Haka take tambaya kullum. Ya san don wa ake tambayar.

Ana nan council, wato hukumar gari, ta yanke tallafin da take ba bargar, kamar yadda ta yanke na laburare da wuraren wasan yara a shekarun nan. Masu bargar suka tara iyaye. Molly ce kaɗai mai haƙurin ɗaukar yara, amma ciyar da ita ya gagara. Ko dai iyaye su haɗu su riƙe ta, ko a ba da ita kyauta ga wata cibiya mai binciken haihuwar dawaki, wadda goɗiyoyi kawai take nema.

Wata uwa, Asmawu, ta miƙe. Ta ce ita ta ji allurai ake ɗirka musu, a sa su ɗaukar ciki, a cire a dasa wa wata, a sake, a sake. In Molly ta tsufa fa? Wa zai je ya duba ta? Iyaye suka fara gyaɗa kai, har wasu sun ɗaga hannu za su taimaka.

Sai Ja'afaru ya gyara murya. Ya ce shi GP ne, wato likitan unguwa, ya san yadda ake bincike a ƙasar nan. Akwai doka, akwai masu sa ido, Molly za ta fi jin daɗi can. Bai taɓa taka cibiyar ba, bai kuma san amsar ko ɗaya daga tambayoyin Asmawu ba. Amma likita ya yi magana. Hannuwa suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

A waje Zinatu ta kama hannun rigarsa. "Baba, don Allah. In ta tafi, shi ke nan fa."

"Kin huta da warin barga," in ji shi.

Ranar da mota ta zo ɗauka, Molly ta turje a bakin ƙofa, sai da aka rufe mata ido. Ja'afaru ya kau da kai. Amma can cikin ransa, Allah Ya gani, wani sanyi ya ji. Daga yau Asabar tasa ce: sinima, kanti, hira su biyu babu karas.

Asabar ta zagayo, ya ƙwanƙwasa ƙofar Turai da fara'arsa. Ta buɗe da kayan aiki a jikinta, ba ta matsa ba. Ta ce Zinatu tana gidan gwaggonta. Tunda babu darasi, an koma tsarin da, sau ɗaya a wata.

"Haba Turai! Saboda doki?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wane doki? Yarinyar da jikinta ba ya jituwa da gashin doki tun tana goye? Kai da kake likita ba ka ga idanunta ba? Maganin atishawa take sha a ɓoye kowace Asabar, ta je ta rungumi abin da take tsoro, don kawai ka zo."