Ƙafar Labbo Ta Yi Sanyi

Mako shida ke nan da aka yi wa Labbo aiki a gwiwar dama, kuma tun da aka sallamo shi yake kwance a ɗakin zauren kawunsa Riskuwa, a Badariya cikin Birnin Kebbi. Ɗan kokawa ne daga Argungu, wanda ya shekara uku bayansa bai taɓa ƙasa ba. A wani wasan bayan girbi ƙafarsa ta gurɗe, jijiyar gwiwa ta tsinke.

Makon farko ɗakin ba ya rabo da jama'a. Makaɗa sun zo, abokan wasa sun zo, har da waɗanda bai sani ba. Kafin mako na uku ƙafar masu dubiya ta ɗauke. Kawu ma'aikaci ne a sakatariyar sabuwar jiha, in ya fita da safe sai la'asar. Matar Labbo, Baiwa, tana Argungu tana jego. Haka zai wuni shi da rediyo, yana kallon rana tana tafiya a jikin bango.

Duk Talata kawu kan goya shi a babur zuwa asibiti, wajen Sista Cecilia, mai kula da masu koyon tafiya bayan aiki. Takan auna kaurin ƙafar da tef, ta danna farcen babban yatsa har ya yi fari, ta jira ta ga jan ya dawo. Sannan ta ɗora wata 'yar na'ura a bayan ƙafar, sai a ji ƙara tana fita, fuu, fuu, fuu.

"Ka ji ko? Jininka ne ke gudu," in ji ta. "Shi ke kai wa tsoka iskar da take rayuwa da ita. In ya tsaya, naman zai fara mutuwa kana ji kana gani. Kada ka ɗaure ta tamau. In ta yi sanyi, ko ka daina jin ta, ka zo a ranar, kada ka jira Talata."

"Sista, yaushe ni ka komawa hili?"

"Wata takwas, in ka bi a hankali."

Labbo ya tuna ɗakin zauren kawu. Wata takwas a ɗakin nan!

Wata Juma'a da hantsi ya ji a rediyo ana lissafa 'yan kokawar da za su kara a bikin kamun kifi na Argungu. Mai sanarwa ya yi ta kambama Hodi, wanda Labbo ya kayar har sau biyu. Ya saurara har aka rufe shirin, bai ji sunansa ba ko a cikin masu jinya.

Washegari ya ce wa kawu zai je ya ga jaririyarsa, kwana biyu ya dawo.

"Kak ka wuce Talata, ka jiya?" in ji Riskuwa.

"In sha Allahu, Kawu."

Talata ta zo ta wuce. Labbo kuwa kullum da safe sai ya sulale bayan gonakin shinkafa, inda ba mai ganinsa, ya jefar da sanda yana gwada tsayuwar kokawa. Gwiwar ta ƙi, sai rawa take. Sai ya yanko robar tayar keke ya naɗe ta sama da ƙasa, ya ja iya ƙarfinsa ya ƙulle. Ta tsaya cak. Ranar ce ya fara yin dariya tun da aka yi masa aiki.

Ƙafar ta kumbura. In ya sassauta robar sai zafi ya taso kamar an zuba garwashi, don haka ya bar ta ɗaure, ya saki wando a kai. Bayan kwana biyu ya daina jin ciwon gaba ɗaya. A ransa ya ce sauƙi ya samu.

Baiwa ce ta lura, ranar da ta kawo masa ruwan alwala hannunta ya taɓa ƙafar.

"Subhanallahi! Mi as sami ƙahwarga? Sanyi awa randa. Dubi yatsunka sun yi baƙi."

"Ba komi ba ne. Kak ki gaya ma kowa."

Ba ta saurare shi ba. Ta aika wa kawu, aka ɗauko Labbo a mota zuwa Birnin Kebbi. Da Sista Cecilia ta ga robar sai ta dafe kai. Ta yanke ta da almakashi, ta danna farce, ta ɗora na'ura nan da can. Shiru.

"Kwana nawa tana ɗaure?"

"Huɗu," in ji shi, kansa a ƙasa.

Likitoci sun yi iya yinsu, amma naman ya riga ya mutu, ruɓa ta fara hawa. Don a ceci ransa aka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Ranar da aka yi kokawar Argungu yana kwance a gadon asibiti, Baiwa ta fita shanya kayan jaririya, ba kowa a gefensa. Likitan da ya yi aikin ya zo zagaye, ya duba ɗinkin, ya ɗan tsaya.

"Malam Labbo, na duba gwiwar nan da kyau bayan mun cire ta. Aikin farko ya kama. Jijiyar tana warkewa yadda ake so. Jini kawai ka tare mata."

Labbo ya juya fuska bango. Shekararsa ashirin da shida.

Jama'a, aikin asibiti ba ya ƙarewa ranar da aka sallami mara lafiya. A riƙa komawa ana duba gudun jini, kuma ƙafar da ta yi sanyi, ta canza launi ko aka daina jin ta, a kai ta asibiti a ranar. Mu kuma da muke tafa wa ɗan wasa a fili, mu riƙa leƙa shi a ɗakin jinya, domin kaɗaici na cikin abin da ke sa shi tashi tun bai warke ba.