Ƙwaryar Uwar Lantana

"Kai ka ci mutuncin uwata, Ɗanlami!" Lantana ta buga sandarta a teburin Ɗanlami, mai kula da gidan tarihi.

Tun da aka kafa dokar kwashe kayan mamata zuwa can, kowa ya taɓa abu sai mai abin ya bayyana cikin gilashi yana magana. Yau Lantana ta taɓa ƙwaryar uwarta, sai ga tsohuwar a gilashin tana murmushi: "Sannu, Lantana."

"To Gwaggo, ai ta gane ki ke nan," in ji Ɗanlami.

"Ni ce 'yar fari, sakarai! Shekara sittin kunya ba ta bar ta ta ambaci sunana ba, yau kun sa ta faɗe shi a gaban 'yan kallo. Wa ya sa mata wannan bakin? Fito min da shi!"