Saƙon da Baba Atu Ya Riƙe

Baba Atu ya shaƙo wuyan rigar Job mai gyaran wuta a tsakiyar kasuwar Malumfashi.

"Kai ne kake tura wa 'yata zancen tsiraici? Na ba ka aiki a gidana, ka saka mini da wannan?"

Ya ɗaga wayar 'yarsa Angela sama don jama'a su shaida. Turancinsa bai wuce na firamare ba, amma ya san "naked" tsirara ke nan. Ga kalmar kuwa a saƙon, kusa da sunan 'yarsa.

"Baba, sake ni!" in ji Job yana haki. "Ba mutum kaɗai ake ce wa haka ba. Wayar wuta ma in robarta ta saɓule, sunanta ke nan. Cewa na yi akwai irinta a banɗakinku, kada Angela ta shiga sai na dawo na naɗe ta. Ta dai karanta, ko?"

Hannun Baba Atu ya saki. Tun safe wayar Angela tana aljihunsa, kuma lokacin da ya fito, Angela tana cika bokitin wanka.

Ya ruga titi yana ƙwala wa masu babur kira.